Wata Shida Rafi a Rufe

A Kabunkut, can kudancin Sanigal,
inda teku ke shigo mana gida sau biyu a yini,
ba sallama, ba sai an jima,
akwai itatuwan da ke tsaye cikin laka
da saiwoyi a waje kamar ƙafafun zalɓe.
Kawa na manne da su.
Mu kuma muna manne da kawa.

Shekarar da gishiri ya hau gonar shinkafar Ampa Jatta
ya bar ta fari fat kamar an yi ɓarin gari,
aka tara mu gindin rimi.
Tsohuwa Sibet ta ce,
"Mu muka sare katanga,
yanzu muna cigiyar wanda ya bar ƙofa buɗe."
Babu wanda ya tanka.
Wata akuya ta yi atishawa, yara suka ƙyalƙyale,
aka rufe rafi wata shida.

Ni aka ba gadi:
kwalekwale mai yoyo, tocila,
da littafin rubuta sunan duk wanda na kama.
Wata biyu shafin na nan fari
in ban da sauron da na murƙushe a kai.

Daren da ruwa ya janye har haƙarƙarin rafi ya fito
na ji sara.
Ƙaf. Ƙaf. Shiru. Ƙaf.
Na haska.
Nyima ce, ƙanwar mahaifiyata,
wadda ta goya ni ranar da aka kai yayarta makwanci,
laka har gwiwa, adda a hannu,
kwando ya kai rabi da saiwoyi,
kawa jere a jikinsu kamar haƙora.

Ba ta ɓuya ba.
Ta ce, "Kashe fitilar, kana ɓarnar batir."
Ta ce, "Ran Litinin za a kori Jenaba daga aji.
Sefa dubu bakwai.
Tambayi itacen naka ko zai biya."

Ban tambaye shi ba.
Ruwa ya fara dawowa yana lasar idon sawunmu,
alƙalami ya yi mini nauyin taɓarya.
Hannuna na rawa har sunan ya karkace ya sauka daga layi,
amma na rubuta.

Hukuncin gari ba kuɗi ba ne.
Iri dubu za ka dasa da hannunka, taki biyu tsakani.
Dogaye ne, masu tsini, kamar kuɓewar da ta wuce tsinka.
Da asuba na same ta bakin laka,
na zube rabin buhun cikin rigata.
Ba ta hana ni ba, ba ta kuma dube ni ba.
Kwana uku muna sunkuye, ita gaba, ni baya,
ɓawon kawa na tsaga mana tafin ƙafa,
gishiri na shiga ya gaida ciwon.

Kuɗin, Sibet ta kwance daga asusun mata,
bashi, har a buɗe rafi.
Jenaba ta koma aji ran Laraba.
Kwana biyun nan har yau ana bi na su.

Shekara huɗu ke nan.
Cikin dubun, ɗari shida da 'yan kai suka rayu,
sauran ƙaguwa ta yi buɗa-baki da su.
Sun kai ƙirjina yanzu.
Mata sun koyi shanya igiya a ruwa,
su jera tsohon ɓawo, sabuwar kawa ta zo ta zauna,
adda ta koma aikin ciyawa.
Gonar Ampa ta yi shinkafa ta sama,
ta gangare har gobe gishiri ne.

Nyima ba ta sake kiran sunana ba.
"Mai littafi," take cewa, ko a gidan biki.
Amma duk ranar da aka buɗe rafi,
kafin magariba, sai ga yaro da kwano a rufe,
kawa gasassa, da rabin lemon tsami.
In na ce, me ta ce a faɗa mini?
Sai ya ce, ta ce a dawo mata da kwanonta.